Waƙa a Bakin Mai Ita

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, har ma mun sha kawo shi a takardun jarrabawa, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu wace ce mai itan ba, sai bayan da bakin da ya kamata mu saurara ya rufe. Abin da za mu kawo wa mai karatu a nan labarin gwaggonmu ne, da na wani kaset guda ɗaya, da kuma na sakacin da muka yi, wanda har yau yake ci mana tuwo a ƙwarya.

A Zangon Kataf aka yanke mana cibiya. Garin, kamar yadda sunansa ya nuna, zangon fatake ne tun kafin zuwan Turawa. Hausawa suka zauna a cikinsa, ƙauyukan Atyap kuwa, waɗanda muka tashi muna kira Katafawa, suka kewaye shi ta kowace fuska. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, ana noma dawa da acca da doya da citta. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, kuma a ranar ne za ka ga matan ƙauye sun shigo tun da hantsi da kayan gona da itace, su koma da gishiri da kanwa da man gyaɗa. Mafi yawan man gyaɗan da ake saye a layinmu daga ɗakin Gwaggo yake fitowa.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Ta yi aure uku, ta haifi 'ya'ya bakwai, biyu ne kawai suka rayu. Lokacin da muka yi wayo ta riga ta dawo gida, an ba ta ɗakin da ke kusa da madafa, tana ƙuli-ƙuli tana matse mai. Wannan ita ce sana'ar da maza suka san ta da ita. Mata kuwa da wata sana'ar suka san ta, domin ba a yin suna ko biki a unguwarmu a ce ya yi armashi in ba a aiko wa Gwaggo da goron gayyata ba. Ƙwarya huɗu gare ta, tana rataye da su a bayan ƙyaure. Uku ana kifa su a kan tsumma, babbar kuwa a kifa ta a cikin daro mai ruwa, domin ta ba da amo mai zurfi irin na ganga. In ana son amon ya ƙara kauri sai a ɗan ɗaga ta iska ta shiga. Mata biyu ke kiɗa da 'yan sanduna, uku na amshi, ita kuma tana tsakiya da ɗankwalinta ɗaure a ƙugu. Ba namijin da ke shiga, sai mu yara, waɗanda ba a lissafa mu cikin mutane.

Abin da ba mu fahimta ba a lokacin shi ne, waƙoƙin nan ba gadonsu ta yi ba, ita ke ƙirƙirarsu. A gaban idonmu ake yin su. Tana niƙan gyaɗa za ka ji ta kama wata 'yar magana tana ta juya ta a baki, ta rage nan ta ƙara can, har sai ta zauna daidai da tafiyar ɗan dutsen niƙa. Sa'an nan ta kira mu ta ce, "Ku zo nan 'yan nan, ku karɓa mini in ji." Mu karɓa, ita kuma ta riƙa ɗora magana a kai. In ta ga mun kasa riƙe amshin bayan karɓa uku, sai ta watsar da shi, ta ce abin da yaro bai riƙe ba, mai jego ma ba za ta riƙe ba. Shekaru da yawa bayan haka muka zauna a aji aka koya mana cewa wannan amshin shi ake kira gindin waƙa, maganganun da ake ɗorawa kuma ɗiyanta. Muka rubuta a littafi muka haddace, ba mu ko tuna cewa mun taɓa ganin ana dasa gindin a kan dutsen niƙa ba.

Tana da waƙar matar ɗan reluwe, wadda ta yi a kan aurenta na biyu a Kafanchan: mace tana zaune a bariki tana ƙirga jiragen da ke tasowa daga Fatakwal, mijin da aka yi wa canjin aiki zuwa Makurɗi bai sauko daga ko ɗaya ba. Tana da waƙar uwar adashi, wadda ta yi wa wata da ta riƙe kuɗin mata ta ce ɓarawo ya ɗauke. Ba ta ambaci suna ba, amma ta siffanta tafiyarta da yadda take ɗaura zane, kuma kafin a yi waƙar a suna na uku kuɗi suka fito. Tana da ta kishiya, da ta tsadar citta, da ta mijin da ke auna hatsi da gwangwanin madara. Akwai kuma wata guda wadda ba ta yi a taro, sai da dare in an yi ruwa gari ya yi tsit. A cikinta take kiran 'ya'yanta biyar da suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan waƙarsa, da watan da ya zo, da ciwon da ya tafi da shi. Wannan ba ta da amshi.

Baba tela ne, kuma almajiri, abin yana damunsa ƙwarai. A ganinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da girman gida ne. Wata rana mun ji shi a ƙofar ɗakinta yana cewa, "Yaya, gidanmu fa ba gidan roƙo ba ne." Ta ce, "Auta, wa ka ji na roƙa? Abin da ke cikina nake fitarwa. In na bar shi a ciki, kai za ka sayi likkafani." Bai ƙara ɗaga maganar ba, amma bai taɓa yarda a kira ta zabiya a gabansa ba.

A farkon shekarun 1980 kaset ɗin Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa suka cika gari. Kiɗan amada take yi, wanda masana ke cewa asalinsa bege ne da mata ke yi a cikin gida, kafin irin su Uwaliya Mai Amada ta Kano su fito da shi fili. Barmani ta ɗauki ƙwaryar da muka sani ta kai ta gaban lasifika, tana gaya wa mata su kama sana'a, tana yi wa wadda ta zauna jiran miji dariya, tana kuma faɗin abin da ake jin nauyin faɗi. Gwaggo takan saurare ta da kunnen ɗan sana'a, ba da kunnen mai jin daɗi kawai ba. In kaset ya ƙare sai ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ta fi ni ƙarfin hali, amma ba ta fi ni magana ba."

Rikodar da muke jin waɗannan kaset da ita ta Kawu ce, ƙanen Inna, wanda ke aikin jirgin ƙasa a Kafanchan. Tun wajejen 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar Jos ke rabuwa da wadda ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna, saboda haka duk abin da ya shigo ƙasar nan sai ya yada zango a can. Cikin abubuwan da suka yada zango har da waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, waɗanda ake kira kantiri. A lokacin ba shagon mai gyaran rediyo ko motar haya da ba za ka ji muryar Jim Rifs ko Don Wiliyams ba. Kawu ya zo mana hutu da kaset ɗin wata mace mai siririyar murya, Doli Faton. Gwaggo ta ji ta ce mu fassara mata, tun da an kashe kuɗi an sa mu boko.

Da ɗan Turancinmu na sakandare muka gaya mata cewa a waƙar farko, wadda ta fito a 1973, wata mace ce ke roƙon wata kyakkyawa kada ta ƙwace mata miji. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ashe su ma suna da kishiya, sai dai tasu a waje take kwana! To amma roƙo? Ni da habaici zan bi ta." Ta biyun, ta 1971, labarin rigar da uwarta ta ɗinka mata ce da ƙyallaye masu launi iri-iri, saboda ba kuɗin sayen yadi, ta sa ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta yi mata dariya. Kawu ya ƙara da cewa su goma sha biyu ne a wurin iyayensu, a wata 'yar bukka cikin duwatsun Tenesi suka tashi. Ya kuma ba ta labarin wata mai suna Loreta Lin, 'yar mai haƙar kwal a Kentaki, wadda gidajen rediyo da dama suka ƙi sa wata waƙarta a 1975 saboda ta taɓo maganar tazarar haihuwa. Gwaggo ta ce, "Wannan ita ce Barmaninsu." Sa'an nan ta yi shiru, can ta tambaya, "Ita mai rigar, wa ya yi mata waƙar?" Muka ce ita ta yi abarta, ga ma sunanta a rubuce a ƙarƙashin sunan waƙar. Ta karɓi kwalin kaset ɗin, ita da ba ta karatun boko, ta ce mu ɗora yatsanta a kan wurin. Ta daɗe tana kallo.

Bayan kwana biyu ta ba mu kuɗin man gyaɗa kwalba guda ta ce mu sayo kaset wanda ba kome a ciki da batir. A damanar 1989 ne, bayan sallar isha'i, Baba ya tafi karatu. Aka rufe ƙofa, aka kifa ƙwarya, ta yi waƙa goma sha ɗaya har kaset ɗin minti 90 ya cika, ta rufe da ta 'ya'yanta. Da aka gama ta ce, "To ku rubuta." Muka rubuta sunanta da na mahaifinta a jikin takardar da biro ja. Iyakar saninmu, wannan shi ne karo ɗaya tak da aka taɓa rubuta sunan Gwaggo a jikin wani abu tun da ta zo duniya. Ta naɗe kaset ɗin a tsumma ta sa a cikin jeren kwanoninta.

A daren nan akwai mace guda cikin masu amshi wadda ba 'yar gidanmu ba ce, ba kuma 'yar Zango ba. Ƙawar Gwaggo ce, Bakatafiya, daga wani ƙauye da ke hayin rafi, mu dai Mama muke ce mata. Ita ke kawo wa Gwaggo gyaɗa duk Alhamis, in yamma ta yi mata sai ta kwana. Mama jagorar waƙa ce a Zumuntar Mata ta majami'arsu, kuma duk wanda ya zauna a kudancin Kaduna ya san waɗannan mata: anko ɗinsu iri ɗaya, waƙarsu da Hausa, kayan kiɗansu tulu da caki da ƙarfe. Su ma, kamar masu ƙwarya, daga madafa suka ɗauko abin kiɗansu. Sukan zauna su biyu suna ɓarar gyaɗa suna musayar kari. Karin waƙar ɗan reluwe ya tafi majami'a aka sa masa wasu kalmomi, wani karin niƙa na harshen Tyap kuma ya shigo ƙwaryar Gwaggo ya zama waƙar citta. Kowaccensu ta sha faɗa a wurin nata mutanen a kan haka, ba wadda ta fasa. Ko bayan rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987, lokacin da aka fara kallon juna da gefen ido, Mama ba ta daina zuwa ba, sai dai ta rage kwana.

Sauran labarin duniya ta sani. A watan Fabrairu na 1992 rigima ta tashi a kan mayar da kasuwar Zango wani sabon wuri, aka yi asarar rayuka. A watan Mayu abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, har ya tsallaka Kaduna da Zariya, inda waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka biya bashin da ba su ci ba. Ba za mu tsaya rabon laifi a nan ba, kowane ɓangare yana da kaburburan da yake ziyarta. Mu dai mun fita da kayan jikinmu. Baba bai fita ba, Allah Ya jiƙansa. Ɗakin Gwaggo ya ƙone ƙurmus, da ƙwarya huɗu, da kwanoni, da abin da ke cikin kwanonin.

A Tudun Wadan Zariya muka sami mafaka wurin dangin Inna. Gwaggo ta rayu shekara huɗu bayan haka, amma ba ta ƙara waƙa ba. An sha gayyatarta suna ta ce muryarta ta tsufa. To a nan ne namu laifin yake, kuma ba mu da wanda za mu ɗora wa. A cikin waɗannan shekaru huɗu muna jami'a muna karanta Hausa. Mun san an rubuta kundin digiri na uku a kan Mamman Shata tun 1975, mun ga an ba shi digirin girmamawa a 1988, muka ce mu ma sai mun yi aiki a kan babban makaɗi. Muka ari rikoda muka shiga mota muka yi tafiyar yini guda neman wani makaɗin fada, muka kwana uku a zaurensa kafin ya ba mu minti talatin. Da muka dawo, Gwaggo ce ta ɗebo mana ruwa, ta ga rikodar a hannunmu ta ce, "Irin ta Kawunku ce." Muka ce e. Ba ta ƙara ba, mu ma ba mu ƙara ba. Ko a mafarki ba mu ɗauka cewa abin da ake yi a bayan madafa zai iya zama abin da za a kai gaban malamai ba. Ta rasu a 1996, cikin azumi.

Daga baya muka karanta labarin wata baƙar fata ta Amurka, Elizabet Kotin, wadda aka haifa a 1893 a Karolina ta Arewa. Tana yarinya ta yi wata waƙa a kan jirgin kaya da ke wucewa kusa da gidansu, sa'an nan aure da aikatau suka raba ta da jita shekaru masu yawa. Da girma ya kama ta sai ta sami aikin gida a wurin iyalin Siga, waɗanda mawaƙa ne. Wata rana aka ji ta tana kaɗa jitar gidan, a juye, domin bahaguwa ce. Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan ya ɗauki rikoda ya zauna a gabanta, faifanta ya fito a 1958. Kafin nan waƙar jirgin ta riga ta tsallaka Ingila, wasu maza biyu sun sa sunansu a kai, sai da aka tashi tsaye kafin a mayar mata da haƙƙinta. Ta karɓi lambar Girami a 1985 tana da shekara fiye da 90. Da muka gama karantawa sai jikinmu ya yi sanyi. Ita ma mai waƙar jirgi ce, ita ma a madafa take. Bambancinta da Gwaggo shi ne yaran gidan da take ciki sun saurara.

Ba wai matan ƙasar Hausa ba su taɓa samun mai adana musu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864, amma ga waƙoƙinta nan ana karantawa, domin alƙalami ya riƙe su, an kuma tattara su a littafi guda a 1997. Baturiyar nan Bebali Mak ta zauna da mawaƙan mata a Kano ta fitar da littafi a kansu a 2004. Amma waƙar niƙa da ta daka da ta raino da ta daɓe, in an rubuta su, sai ka ga an sa "waƙar gargajiya" a ƙarƙashi, kamar daga sama suka faɗo. Alhali kuwa kowacce akwai ranar da babu ita, akwai kuma macen da ta fara juya ta a baki.

A watan Maris na 2013 aka yi sanarwar rasuwar Barmani Coge a Funtuwa. Gidajen rediyo suka yini suna sa waƙoƙinta. Muna ji sai maganar Gwaggo ta faɗo mana, cewa ba ta fi ta magana ba, muka ga cewa ba mu da ko ɗan waƙa guda cikakke da za mu kafa hujja da shi. Muka zauna mu 'yan gidan muka tattara abin da ke kanmu, sai gindi ba ɗiya. Inna ce ta ce, "Ku je ku nemi ƙawarta, in tana da rai."

Shekara 21 rabonmu da hanyar. Muka sauka a Samarun Kataf muka hau babur, gabanmu na faɗuwa, domin ba mu san irin karɓar da za a yi mana ba. Muka same ta a gindin mangwaro, idonta ya tafi. Muka yi gaisuwa muka faɗi ko mu 'ya'yan wane ne. Ta lalubo hannuwanmu ta riƙe, ta ce, "'Ya'yana, ina ƙawata?" Muka gaya mata. Ta yi kuka, mu ma muka yi. Ta ba mu labarin ɗanta da aka kashe a Kaduna a cikin makon nan da muka rasa Baba. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, domin ba a san wa zai fara ba.

Da muka faɗi abin da ya kawo mu, ta sa jikarta ta ɗauko tulu. Mun zaci karin kawai za mu samu, da kalmomin majami'a a kansa. Sai ta gyara zama ta ambaci sunan Gwaggo da na mahaifinta, ta ce, "Wannan tata ce, ni aro na yi." Ta kama waƙar ɗan reluwe da kalmominta na asali, tun daga jirgin farko har na ƙarshe. Haka ta yi kafin kowace waƙa, sai ta faɗi sunan mai ita tukuna. Muka kwana biyu muka sami bakwai. Da muka tambaye ta ta 'ya'yan nan biyar, ta ce ta san ta sarai, amma ba za ta yi ba, domin wannan ba a aronta. Sunayen yaran kawai ta jera mana, muka rubuta.

Waƙoƙin Gwaggo, a ƙiyasin Inna, sun kai arba'in. Bakwai ke hannunmu, a muryar da ba tata ba, bisa tulu maimakon ƙwarya. Mun rubuta su, mun sa sunanta a ƙarƙashin kowacce, da na wadda ta riƙe mana amana a gefe.

Ga ɗalibai 'yan'uwanmu da ke neman abin da za su yi kundi a kai, ba mu hana ku zuwa zauren manyan makaɗa ba, sun cancanta. Sai dai yanzu rikoda tana aljihun kowa, ba sai an sayar da man gyaɗa ba. Kafin ku shiga mota, ku leƙa bayan madafa ku ji ko akwai mai juya wata magana a baki. In kun same ta, ku fara da tambayarta wa ya yi waƙar, in ta ce ita ce, ku rubuta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo da Baba, Ya saka wa Mama da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.